Ko Kun Sani? Abin da Likita Ke Nema a Harshe

Ba banza ba likita ke cewa ka fito da harshenka. Lafiyayyen harshe yana da 'yan mitsi-mitsin tsirai a samansa, su ne ke ba shi ɗan kaushi. Idan jiki ya rasa sinadarin ƙarfe ko bitamin B12, sai tsiran su shafe, harshe ya koma sumul yana sheƙi, ga raɗaɗi da an taɓa yaji. Masu juna biyu na cikin waɗanda ƙarancin ƙarfe ya fi kamawa, kuma abin takaici, da yawa sukan ɗauka zafin baki ne kawai.

Farin da ke liƙe wa harshen jariri kamar kindirmo kuwa, sau da yawa ƙwayar cutar kandida ce. Ragowar nono yana gogewa cikin sauƙi, amma wannan in an kankare shi sai ja ya bayyana, wani lokaci har da jini. Idan yana yawan dawo wa babba, a gwada ciwon sukari da ƙanjamau.

Gyambon harshe da ya haura mako 3 bai warke ba, musamman ga mai shan taba, a kai shi asibiti, domin sankarar baki takan fara a haka.