Yaro mai buƙata ta musamman a aji mai cunkoso: Abin da doka ta ba shi da yadda iyaye za su nema

A farkon kowane zangon karatu akwai iyayen da ke komawa gida da ɗansu bayan an shaida musu cewa makaranta ba ta da kayan koyar da irinsa. Yaron na iya zama kurma, ko mai raunin gani, ko wanda shan-inna ta taɓa wa ƙafa, ko mai jinkirin fahimta. Sau da yawa shugaban makarantar gaskiya yake faɗa game da kayan aiki. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma a unguwannin birni masu yawan jama'a akan iske fiye da ɗari a aji guda, wasu a kan benci, wasu a ƙasa. Duk da haka ƙarancin kaya ba ya soke haƙƙin yaro, kuma da yawa daga cikin abubuwan da yake buƙata tsari ne kawai, ba sa cin kuɗi.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ilimin Bai-Ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ga kowane yaro a Najeriya, ba ta ware kowa ba. A shekarar 2010 ƙasar ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Nakasa, wadda sashe na 24 nata ya ce a yi wa kowane ɗalibi sassaucin da ya dace da halinsa domin ya yi karatu tare da sauran yara.

Mafi ƙarfi a hannun iyaye ita ce Dokar Hana Nuna Bambanci ga Masu Nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019. Dokar ta ba mai nakasa haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare. Ta ce kowace makarantar gwamnati ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar kan koyar da masu buƙata ta musamman, tare da kayan da suka dace. Ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga mutumin da ya nuna bambanci, da tarar Naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukuma. Ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024.

Da yake jihohi ne ke tafiyar da makarantun firamare da sakandare, dokar jiha tana da muhimmanci. Jihohi irin su Filato da Legas da Jigawa da Kano da Kaduna suna da nasu dokokin, kuma ya kamata uba ya san abin da ta jiharsa ta ƙunsa. Masu kai 'ya'yansu makarantun kuɗi su lura cewa haramcin nuna bambanci ya shafi kowane mutum da kowace cibiya, har da mai makaranta.

Sassaucin da ba ya cin kuɗi

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka cewa sai an gina aji na musamman ko an sayo na'urori masu tsada kafin a karɓi yaro. A makarantar bene, mayar da ajin ɗalibi mai keke zuwa ƙasa umarnin shugaban makaranta kawai yake buƙata. Zabiya, wanda galibi yake da raunin gani, yana buƙatar zama a layin gaba nesa da hasken taga, a yi masa rubutu da manyan haruffa, a bar shi ya sa hula da riga mai dogon hannu, kuma a ɗauke masa tsayuwa cikin rana lokacin taron safe.

Yaro mai raunin ji yana karanta leɓen malami, don haka malamin ya fuskanci aji lokacin da yake bayani, ya daina magana yana kallon allo, ya rubuta aikin gida maimakon ya faɗa da baki kawai. Mai sikila yana buƙatar izinin shan ruwa da fita bayan gida ba tare da dogon bayani ba, da damar rama jarrabawar da ciwo ya hana shi. Mai farfaɗiya yana buƙatar malamin da ya san cewa cutar ba ta yaɗuwa ta hanyar yawu ko taɓa jiki, kuma idan ta tashi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Wanda haruffa ke rikice masa kuwa, ƙarin lokaci a jarrabawa ko amsa tambaya da baki na iya fito da abin da ya sani, wanda bulala ba ta taɓa fitowa da shi ba.

Yadda ake nema

Matakin farko shi ne takardar likita. Kalmar "ba ya ji" ko "ba ya gane karatu" ba ta gaya wa malami abin da zai yi. Rahoton sashen ido, ko na kunne da maƙogwaro, ko na yara a asibitin gwamnati, yana bayyana irin matsalar da girmanta. A roƙi likitan ya rubuta shawarar abin da makaranta za ta yi, cikin kalmomi masu sauƙi.

Bayan haka a rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa, a lissafa buƙatu uku ko huɗu ƙayyadaddu, a riƙe kwafin da aka sa wa hannu da kwanan wata. Ma'aikacin gwamnati ya san cewa maganar da ba ta shiga fayil ba kamar ba a yi ta ba ce, ɗan kasuwa ma ya san darajar rasit. Yana da kyau a raba buƙatun gida biyu: waɗanda za a iya yi a wannan makon, kamar sauya wurin zama, da waɗanda ke jiran kuɗi, kamar gina gangara a ƙofar aji ko gyara bayan gida.

Sannan a zauna da malamin aji. Wanda ke fama da yara ɗari ba zai saurari mai zuwa da faɗa ba, amma yakan saurari wanda ya zo da mafita. A tambaye shi abin da zai yiwu, a amince da ɗalibi ɗaya ko biyu da za su riƙa taimaka wa yaron wajen kwafar darasi, a sa ranar da za a sake haɗuwa a duba ci gaban da aka samu.

Idan magana ta ƙi ci, akwai kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai. Daga nan sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. A nan ya dace a san cewa hukumar UBEC tana samun kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma a tsarin rabon da aka daɗe ana bi akan ware kashi biyu cikin ɗari na wannan kuɗi domin ilimin masu buƙata ta musamman. Kuɗin kaɗan ne, amma makarantar da ba ta aika da sunayen irin waɗannan ɗalibai ba, da wuya rabon ya iso gare ta. Inda aka ƙi karɓar yaro ƙiri-ƙiri saboda nakasarsa, ana iya kai ƙara ga Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa da dokar 2018 ta kafa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Makaranta ta musamman ko ta unguwa?

Amsar ta dogara da yaron. Makaho yana buƙatar ya ƙware a rubutun makafi, kurma kuma a harshen alama, kuma ba kowace makarantar unguwa ce ke da mai koyar da su ba. Shi ya sa makarantu irin su ta makafi da ke Gindiri a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1953, da ta Tudun Maliki a Kano suke da matsayinsu har yanzu. Iyayen kurame su sani cewa maganar hannu da ake yi a gida da kasuwa a ƙasar Hausa ta bambanta da harshen alamar da ake koyarwa a makarantu, wanda ya samo asali daga na Amurka, don haka ya kamata wani a gidan ya koye shi tare da yaron.

Sai dai waɗannan makarantu ba su da yawa, wasu na kwana ne kuma nesa da gida. Ga mai raunin ƙafa, ko zabiya, ko mai sikila, makarantar unguwa da ɗan sassauci ta fi sauƙi, kuma tana barin sa ya tashi cikin tsaransa. Malaman wannan fanni ma sun yi kaɗan, duk da cewa Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo da jami'o'i irin su ta Jos da ta Bayero suna yaye su, kuma akan tura wasunsu koyar da darussan da ba nasu ba. Iyaye na iya tambayar sakataren ilimi ko akwai irin wannan malami a yankin da za a mayar makarantarsu.

Lokacin manyan jarrabawa ma sai an nema ake samu. Hukumomin WAEC da NECO suna tanadar takardu cikin rubutun makafi da ƙarin lokaci, hukumar JAMB kuma tun 2017 tana da kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawa. Sharaɗin shi ne a bayyana halin ɗalibin tun lokacin rajista, domin ranar jarrabawa babu abin da mai sa ido zai iya yi.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyaye biyar da suka sa hannu a wasiƙa ɗaya sun fi samun kunnen hukuma a kan uba guda, kuma buhunan siminti kaɗan daga 'yan kasuwar unguwa sun isa a yi gangarar da ɗalibai za su shekara suna amfani da ita.