Hanyar Zama Matuƙin Jirgin Fasinja

Tuƙin jirgin fasinja sana'a ce da ake auna ta da sa'o'i, domin kowane matuƙi yana riƙe da littafin da yake rubuta duk tashin da ya yi, kuma adadin da ke cikin wannan littafi shi ne ke nuna matsayinsa a idon kamfanoni da hukuma. Ƙa'idojin aikin sun fito ne daga ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Shikago ta 1944, a Najeriya kuwa hukumar NCAA ce ke ba da lasisi.

Matakin farko shi ne gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, inda likitan da hukuma ta amince da shi yake duba zuciya da ji da gani, har da iya bambance launuka, kuma mai hankali yakan yi wannan gwaji kafin iyayensa su sayar da gona ko fili su biya makaranta. Daga nan ɗalibi yakan nemi lasisin tuƙi na ƙashin kai bayan kimanin sa'o'i 40 a sama, wanda bai ba shi damar karɓar lada ba, sannan lasisin kasuwanci, wanda ke bukatar shekara 18 da haihuwa da sa'o'i 200, ko 150 a wasu kwasa-kwasan da aka amince da su. Kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ce ta horar da Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta samu lasisin kasuwanci, wadda daga baya ta shugabanci kwalejin. Akwai wata kwalejin a Ilorin, masu hali kuma sukan tafi Afirka ta Kudu ko Amurka.

Darasin da ya fi gwada ɗalibi shi ne tuƙi da na'urori kaɗai, wato sarrafa jirgi ba tare da ganin ƙasa ko sararin sama ba. A cikin gajimare, ko hazo irin na hunturu da kan hana jirage sauka a Kano, kunnen ciki, wanda ke daidaita tsayuwar mutum, yakan yaudari matuƙi har ya ji jirgin yana tafiya daidai alhali ya karkata, saboda haka malami yakan sa masa wani tabarau da ke tare masa ganin waje, har sai ya saba gaskata allon da ke gabansa fiye da jikinsa. Ana kuma jarraba Turancinsa, kuma dole ya kai mataki na 4 cikin 6, tun da da wannan harshe ake magana da hasumiyar filin jirgi a tafiye-tafiyen ƙetare.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne bayan an karɓi lasisi. Kamfani yana bukatar shaidar ƙwarewa a kan takamaiman jirgin da yake amfani da shi, kamar Boeing 737, horon da galibi ake biya da kuɗin waje, sau da yawa daga aljihun mai neman aikin, kuma a nan ne matasa da dama suke zaune da lasisi a hannu ba aiki. Zama kyaftin yana bukatar lasisi mafi girma, mai sharaɗin sa'o'i 1,500, kuma Amurka ta ɗora wannan sharaɗi har a kan mataimakan matuƙa bayan hatsarin da ya auku kusa da Buffalo a 2009. Wanda ya samu kujera ma ana maida shi na'urar kwaikwayon tuƙi kusan duk wata 6, a kashe masa inji ɗaya yana tsakar tashi don a ga yadda zai yi, ana kuma sabunta gwajin lafiyarsa aƙalla sau ɗaya a shekara, har ya kai shekara 65, iyakar da ICAO ta sa wa masu jigilar fasinja tsakanin ƙasashe.