Ina Labarin Abokan Karatu?

Kwanan baya muka kai ziyara gidan wani dattijo a Jos, tsohon fasto wanda ya daɗe da ajiye aiki. Bayan an gaisa an sha ruwa, hira ta kai mu ga zamanin da ya ke makaranta, sai ya shiga ɗaka ya fito da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa duk ya koɗe. A ciki ya jera sunayen abokan ajinsa tun ranar da suka rabu, kowane suna da shafinsa. A ƙarƙashin suna akwai garuruwan da mutumin ya yi aiki, in an canja shi a soke tsohon gari a rubuta sabo. Waɗansu shafofin an rufe su da ranar rasuwa. Waɗansu kuwa rubutun ya tsaya kawai a tsakiya, ba sabon gari, ba ranar rasuwa. Dattijon ya ce mana waɗanda suka rasu ya yi kukansu ya haƙura, amma waɗannan da labarinsu ya yanke su ne su ke hana shi barci, gama bai san ko gaisuwa zai aika musu ba, ko ta'aziyya zai kai wa iyalinsu.

Wannan littafi shi ya sa muka ga ya kamata yau mu yi magana a kan zumuncin tsofaffin ɗaliban makarantun tauhidi, watau makarantun da a ke horar da limaman addinin Kirista a ƙasar nan, da yadda su ke jin labarin juna bayan sun watsu. Ko da ya ke da su muka buga misali, maganar ta shafi duk wanda ya taɓa zama aji ɗaya da wani.

ASALIN MAKARANTUN

Turawan Mishan da suka shigo Arewa ba daga ƙasa ɗaya suka fito ba, kuma kowace ƙungiya ta kama yankinta. A cikin shekarar 1904 Karl Kumm, mutumin Jamus, da abokan tafiyarsa suka sauka Wase. A 1911 waɗansu daga Afirka ta Kudu suka soma aiki a ƙasar Tibi. A 1913 mutanen Denmak suka zauna Numan a bakin Binuwai. A 1923 kuma Stover Kulp da Albert Helser, mutanen Amurka, suka kafa tasharsu a Garkida. Kowace tasha ta buɗe 'yar makarantarta ta koyar da masu wa'azi, kuma da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, sai Hausa ta zama harshen karatu a yawancin makarantun nan. A 1934 aka buɗe makarantar Gindiri a ƙasar Filato, wadda ta horar da malamai da masu wa'azi da yawa.

Da ekklesiyoyin da suka fito daga waɗannan tashoshi suka yi ƙarfi, sai a 1955 suka haɗu suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan. Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar Sudan ta Hartum a ke nufi, tsohon suna ne na wannan shimfiɗar ƙasa ta baƙar fata da ke kudu da Sahara. Daga baya aka canja sunan ya koma "a Nijeriya", shi ne TEKAN da a ke ji yau. Wannan tarayya ce ta ga cewa maimakon kowa ya yi ta fama shi kaɗai, gara a haɗa ƙarfi a yi babbar makaranta guda. A 1959 aka soma karatu a Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, wadda mazauninta ya ke Bukuru kusa da Jos, shugabanta na fari kuwa shi ne Dokta Harry Boer. 'Yan ɗariƙar Katolika su ma suka buɗe babbar makarantarsu ta Saint Augustine a Jos a 1967.

To, abin lura a nan shi ne irin mutanen da waɗannan makarantu suka tara. Ga Babacame daga Numan, ga Babure daga Garkida, ga Batibi daga Mkar, ga Jukun daga Wukari, ga Angas da Birom daga kan dutse. Iyayensu watakila ba su taɓa taka ƙasar juna ba, amma su ga su a ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, fitila ɗaya, har shekara uku ko huɗu ko fiye. A aji Turanci a ke yi, in an fito kuwa Hausa ce ta ke haɗa su. Wanda ya san ɗan'uwansa a irin wannan zama, ya san shi da yunwarsa da fushinsa da ranar da ya faɗi jarrabawa, ya san shi sanin da ba a samu a ofis.

RANAR RABUWA

Amma fa aikin da aka horar da su dominsa shi ne mai raba su. Ranar da aka ba da takardun shaida, kowa ekklesiyarsa ta ke jiransa, ita kuwa ba ta tambayarsa inda ya ke so. Wannan a tura shi ƙauyen da mota ba ta zuwa sai da rani, wancan a ba shi koyarwa, wani a aika da shi ƙarin karatu ƙasar waje. Bayan 'yan shekaru a sāke canja su. Ma'aikatan da suka yi zamani da En'e, da malaman makaranta, sun san wannan hali sarai, gama su ma takarda guda ta kan tashe su daga gari.

A da, wasiƙa ce igiyar da ta ke riƙe da su. Mutum ya sayi kan sarki, ya rubuta ta hannun akwatin gidan waya na tashar Mishan, ya jira mako uku ko wata guda. In ba gidan waya kusa, a ba direban babbar mota ko wani mai zuwa cin kasuwa. Sa'an nan akwai taron shekara na ekklesiya, inda bayan an tashi daga zaman majalisa abokan aji su kan keɓe gindin itace su yi ta tambayar juna, ina wane, ina wane. Labarin da a ke bayarwa bai wuce iri shida ba: canjin wurin aiki, aure da haihuwa, ƙarin karatu, naɗi, rashin lafiya, da rasuwa. Mai gani daga nesa sai ya ce ƙananan abubuwa ne. Amma labarin canji shi ya ke gaya wa mutum ƙofar da zai ƙwanƙwasa in dare ya yi masa a baƙon gari. Labarin rashin lafiya shi ya ke sa a yi karo-karo. Labarin rasuwa kuwa shi ya ke tuna wa sauran cewa akwai mata da marayu da aka bari.

WAƊANDA LABARINSU KE ƁATA

Akwai tsofaffin ɗalibai da ba su bukatar kowa ya kai labarinsu. Matthew Hassan Kukah, wanda ya yi karatu a Saint Augustine aka naɗa shi Fada a 1976, da ya zama Bishop na Sakkwato a 2011 duk jaridu sun buga. Haka Ignatius Kaigama, shi ma ɗan makarantar, da aka kai shi Jos a 2000, aka kuma mai da shi Abuja a 2019, ba abokin ajinsa da ya ji a bakin wani matafiyi. Manya rediyo ke bin su.

Waɗanda su ke ɓacewa iri uku ne. Na fari shi ne wanda ya ƙare rayuwarsa a ƙananan ƙauyuka, bai riƙe wani babban muƙami ba, ya tsufa ya koma garinsu, idonsa ya raunana har ba ya iya rubutu. Na biyu shi ne wanda bai kai ga naɗi ba. Karatun nan dogo ne, musamman a ɗariƙar Katolika inda ɗalibi ya kan yi shekaru yana karatun falsafa kafin ya shiga na tauhidi, kuma ba duk wanda ya shiga ke fita da rigar limanci ba. Waɗansu su kan ga ba hanyarsu ba ce, su fita su zama malaman makaranta, ko akawuna, ko lauyoyi, ko 'yan kasuwa. Sau da yawa kunya ta kan sa irin wannan ya janye jikinsa, abokansa kuma su yi shiru don kada su fama masa ciwo, har shirun ya zama rabuwa. Mu a ganinmu wannan kuskure ne. Wanda kuka ci tuwo ƙwarya ɗaya da shi shekara biyu abokin karatu ne, ko ya sa farar riga ko bai sa ba. Na uku su ne matan waɗanda suka rasu. A makarantu da dama ɗalibai da iyalinsu su ke zama, matan ma suna da nasu ajin, sun yi daka tare sun yi goyo tare. Amma da zarar mai gida ya rasu, sai a rufe shafinsa, a manta da cewa akwai mai rai a bayan shafin.

RANAR DA AKA GA AMFANINSA

In wani yana tsammani wannan duk hirar tsofaffi ce, to ya tuna da shekarar 2014. A ranar 29 ga watan Oktoba na wannan shekara mayaƙan Boko Haram suka auka wa Mubi da kewayenta, har da Kwarhi, inda hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta ke, tare da makarantarta ta Littafi Mai Tsarki mai sunan Kulp. Ɗalibai da malamai da iyalansu suka watsu, kamar yadda dubban mutanen wannan yanki, Musulmi da Kirista, suka watsu, waɗansu suka nufi Yola, waɗansu suka haye duwatsu zuwa Kamaru. Shugabannin ekklesiyar sai da suka koma Jos da zama na wani lokaci kafin su dawo. A watan Janairu na 2020 kuma 'yan bindiga suka shiga makarantar Good Shepherd da ke kusa da Kaduna suka sace ɗalibai huɗu, uku suka kuɓuta, ɗaya aka kashe shi.

A irin wannan rana mutumin da ya fito da rigar jikinsa kaɗai ba ya neman ofis, sunan wanda ya sani ya ke nema. Wanda ya san cewa abokin ajinsa yana Jalingo ko Akwanga, ya kuma san yadda zai same shi, yana da wurin da zai ajiye 'ya'yansa. Wanda ya bar zumunci ya mutu shekara ashirin kuwa, sai ya tsaya a tashar mota yana kallon mutane. Waɗanda su ke zaune lafiya su ma, in ba su da jerin sunaye a hannu, ta yaya za su ƙidaya su san wa ya tsira, wa ba a gani ba? Ba a fafe gora ranar tafiya.

WAYA TA ZO, AMMA

Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, labarin da ya kan yi wata a hanya yanzu kafin a sauke tukunya ya kai. Wannan alheri ne, ba mu musu. Amma mun lura da aibu uku. Na ɗaya, abin da ya zo da sauri da sauri ya ke tafiya: waya ta faɗa ruwa ko ta ɓata, labarin shekara goma ya bi ta. Na biyu, ƙarya ma ta sami abin hawa, har a kan yi wa mai rai ta'aziyya saboda wani ya ji ƙishin-ƙishin bai bincika ba. Na uku, tsofaffin da suka fi kowa bukatar a tuna da su, su ne ba su iya latse-latsen nan ba, sai a yi ta hira a bar su a waje.

SHAWARARMU

Don haka ga abin da mu ke ba da shawara. Kowane aji ya zaɓi magatakarda guda, mai haƙuri, wanda ba ya ƙyashin tambaya. Ya riƙe rajista a takarda, da sunan kowa, har da wanda bai gama ba, har da matan mamata. Sau ɗaya a shekara ya tattara labarin da ya samu ya buga ko da shafi biyu ne, a aika wa kowa, wanda ba ya gani a sa jikansa ya karanta masa. Kada a yaɗa labarin rasuwa sai an ji daga bakin iyali. A kai kofe guda ɗakin littattafan makarantar a ajiye, gama abin da yau mu ke kira gaisuwa, nan da shekara hamsin shi masu binciken tarihi za su yi ta nema. Sai dai a yi hattara, a wannan zamani na masu satar mutane, kada a baza wurin zaman kowa a fili. Labari na jama'a ne, adireshi kuwa amana ce a hannun magatakarda.

Ku kuma malamai da ma'aikata masu karanta wannan shafi, kada ku ce ba da ku a ke ba. Wanda ya yi Barewa, da wanda ya yi Makarantar Koyon Larabci ta Kano, da wanda ya yi kwalejin horon malamai, kowa yana da abokin da ya kwana biyu bai ji ɗuriyarsa ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa ya ke. In ƙafa ta gaza saboda nisa ko tsufa, to alƙalami bai gaza ba.

Da za mu tashi, dattijon nan ya roƙe mu, tun da ya ke aikinmu yawo ne, in mun bi ta wani gari da ya ambata mu tambaya masa labarin mutum guda. Mun karɓi sunan mun sa a aljihu, mun kuwa yi alkawari za mu tambaya. Allah ya sa mu same shi da rai, Allah kuma ya bar zumunci. Amin.