Yadda Ake Samar Da Wuta Ta Hanyar Murza Itace

A Trans-Amadi, unguwar masana'antu ta birnin Fatakwal, masu tsire da masu shayi 'yan Arewa sun san abin da damina ke yi wa ashana: da zarar ta sha danshi, sai a yi ta ƙyastawa ta ƙi kamawa.

Kakanninsu ba su dogara da ita ba, domin sai a 1826 John Walker ya ƙirƙiro ta a Ingila. Ƙyastu da ƙanƙara Bahaushe ya sani. Akwai kuma dabarar da ta girmi ƙarfe, wato murza itace, wadda har yanzu Hadza na Tanzaniya da San na hamadar Kalahari suka iya.

Kayan aikin uku ne: miƙaƙƙen tsinke mai kaurin yatsa, faffaɗan itace mai taushi irin busasshiyar tumfafiya, da abin kama wuta, kamar audugar rimi ko busasshiyar ciyawa mai laushi.

Ana fafe ɗan gurbi kusa da bakin itacen, a yanka tsaga daga gurbin zuwa gefe, a shimfiɗa ganye a ƙarƙashinta. Sai a take itacen da ƙafa, a kafa tsinken cikin gurbin, a riƙa murza shi tsakanin tafukan hannu ana dannawa.

Mai koyo yakan zaci harshen wuta zai gani. Ba haka ba ne. Gugar tana fitar da baƙin gari da ke taruwa a tsagar, kuma sai zafinsa ya haura digiri 300 yake zama ɗan garwashi. Alamarsa ita ce garin ya ci gaba da hayaƙi bayan an daina murzawa. Daga nan a juye shi cikin audugar, a hura a hankali har ta kama.

Babban abokin gabar aikin shi ne danshi, saboda ruwan da ke cikin itace yana shanye zafin. Shi ya sa abin da ke yiwuwa cikin sauƙi a hunturun Sakkwato yake wahalarwa a Fatakwal, sai an adana itacen kusa da murhu na kwanaki.

Mai gwadawa ya share fili, ya ajiye ruwa kusa. Bushewar da ke sauƙaƙa aikin ita ce ke mayar da ƙwayar garwashi gobarar daji.