Wurno: Ganuwar Bello da Masu Neman Wurin Kwana

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, kuma ba a Sakkwato ajali ya same shi ba, duk da shi ne ya zana birnin a 1809. A Wurno ya cika, can aka yi masa hubbare, bisa tudun da ke kallon fadamar Rima. Mai daular da ikonta ya kai Adamawa ya zaɓi ya ƙare kwanakinsa a bakin daga, inda mahara kan iso cikin dare guda. Duk mai son yin maganar adana tarihin Wurno, daga wannan zaɓi ya kamata ya fara.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, amma Gobirawa ba su ƙare ba. Sun ja baya, sun haɗa kai da Katsinawan Maraɗi da wasu Azbinawa, suna gangarowa ta kwarin Rima su kai hari su koma. Bello ya gane cewa fita yaƙi kowace rani ba zai toshe wannan kafa ba, sai ya kama gina ribaɗi, garuruwa masu ganuwa a kan hanyar abokan gaba. Ya zauna Magariya, inda Baturen nan Clapperton ya iske shi a 1826, daga baya ya kafa Wurno wajen 1830. Shinaka da ke ƙasar Goronyo a yau, da Gandi, da Raba, da Kware, duk 'ya'yan wannan shiri ne, kuma akasari jinin gidan Shehu aka ɗora a kansu. Ko nasarar yaƙin Gawakuke ta 1836 ba ta kawo ƙarshen lamarin ba, domin Gobirawa sun sake kafa sansani a Tsibiri.

Ribaɗi a wurin Bello ya wuce barikin mayaƙa. Gari yake nufi, da masallacin Juma'a da kasuwa da makaranta. Ya matsa wa Fulani makiyaya su bar yawo su zauna, su rage shanu su ƙara dawaki da awaki, 'ya'yansu su yi karatu. Ya jawo maƙera da masaƙa da majema, aka yanka wa mutane gonaki a fadama. Ba kowa ne ya zo da ƙafarsa ba; da yawa daga hannayen da suka kwaɓa ƙasar ganuwar nan na bayi ne da kamammun yaƙi, kuma tarihin da ya tsallake su gurgu ne. Amma manufar a fili take: a tara mutanen da ke warwatse a daji cikin wuri ɗaya mai kariya, a ba su abin yi.

Shirin ya kama har Wurno ta zama kishiyar Sakkwato. Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya ajiye fadarsa, kuma a zamaninsa ne Bajamushen nan Barth ya sauka garin a 1853, ya tarar ana zaman ɗar-ɗar saboda Gobirawa. A Wurno Joseph Thomson ya iske Sarkin Musulmi Umaru a 1885 da takardar yarjejeniyar kamfanin Ingila, wadda aka daɗe ana gardama kan abin da ta ƙunsa. Sai da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 sannan kujerar ta tsaya wuri ɗaya, Wurno ta koma gunduma a hannun Sarkin Sudan. Raba kuwa ta ba da Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ta kuma ba da jikansa, Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zama hakiminta a 1934.

Ganuwar ƙasa ba ta tsayuwa da kanta. Kowace damina ruwa kan zaizaye kanta, ya tsaga gefenta, ya ci gindinta. A da, in kaka ta wuce, sarki kan sa a yi shela, kowace unguwa da ƙauye su fito su kama rabonsu: a haƙo ƙasa daga gwalalo, a tattake ta da ciyawa, a mulmula tubali, magina su hau su ɗora, a bi da yaɓe. Ranar da tsoron mahara ya kau, ranar aikin gayyar ya mutu. Daga nan sai mai jaki ya zo da mangala ya ɗebi ƙasar da ta zube, tunda ta riga ta kwaɓu, ba sai ya wahala ba. Maƙwabci ya jingina ɗakinsa da abin da ya rage. Wani ya fasa kafa don ya rage nisan gona. Gwalalo ya cike da shara, a bi shi da bulo. Haka badalar Kano ta yi ta raguwa a gaban idon hukuma, haka aka yi a Katsina da Zariya, kuma babu abin da ya keɓe Wurno da 'yan uwanta daga wannan makoma.

Abin da ya bambanta gabashin Sakkwato shi ne tsoron ya dawo. A Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe gomman mutane a Tabanni da ƙauyukan kewaye, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi. A Oktoban 2021 an buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum arba'in suka mutu. Kafin wannan ma, ambaliyar 2010 ta cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, ƙasa da madatsar Goronyo da aka kammala a 1984. Mutanen ƙauye suna ta shigowa gari, kuma garuruwan da suke nufa su ne dai waɗanda Bello ya gina don irin wannan rana. Manomin albasa da tafarnuwa da ya baro gidansa, ko matar da aka kashe wa miji ta taho da 'ya'ya biyar, fili suke nema, kuma filin da ba a ga mai shi ba sau da yawa shi ne layin tsohuwar ganuwa da kufan da ke gefenta. Wa ke da fuskar da zai ce musu su tashi saboda tarihi?

Ni dai ban ga dalilin a sa mutane zaɓi tsakanin matsuguni da tarihi ba. Rashin tsari ne ke haɗa su faɗa. Inda ƙaramar hukuma ta yanka filaye a wajen gari, ta kai rijiyar burtsatse da hanya, ba wanda zai so ya matse kansa a kan tudun ganuwa. Inda aka bar kowa da dillali da mai unguwa, to duk abin da bai da katanga ya tafi.

Akwai kuma batun wane ne ke da tarihin. Waɗanda aka gina ganuwar don a tare su, jikokinsu suna nan a Sabon Birni da kewaye, jiha ɗaya, kasuwa ɗaya, har da auratayya, kuma yau bala'i ɗaya ke korar kowa. Kufan Alƙalawa, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, ya cancanci irin kulawar da ake nema wa Wurno, domin ba a fahimtar ɗaya sai da ɗaya. Surame, tsohon birnin Kanta, ta shiga jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007, amma shiga takarda bai taɓa tare ruwan sama ba.

Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana da dokarta tun 1979, jihar Sakkwato kuma tana da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, ga malaman tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Aikin farko bai kai kuɗin kwalbati biyu ba: a tara dattawan da suka san inda kowace ƙofa take, a bi layin ganuwar da ƙafa tare da su, a auna, a kafa alamu, a rubuta sunaye. Sannan a zaɓi yanki ɗaya kusa da hubbaren Bello a ɗaga shi da tubali, a ba maginan gari aikin yaɓensa duk shekara. Majalisar Sarkin Musulmi da shugabannin ƙananan hukumomin Wurno, Raba da Goronyo su fara wannan a ranin bana, kuma su haɗa shi da rabon filaye ga 'yan gudun hijira a zama ɗaya.