Kusheyin Masar da Kusheyin Hanyar Daura

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A zamanin nan akan sami mutanen ƙasar Daura suna zuwa Masar, waɗansu neman ilmi a Azhar, waɗansu fatauci, waɗansu neman magani. Wanda ya sauka Alƙahira kuwa da wuya ya komo gida ba a kai shi Giza ya ga dalar Fir'aunoni ba.

Manyan dalar Giza uku ne. Babbarsu ta sarki Kufu ce, an gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na farko ya kusa ƙafa 480. Dattawan da suka ga dalar gyaɗa a Kano a zamanin da sun san siffar, sai dai wannan da sassaƙaƙƙun duwatsu aka jera ta, fiye da dutse miliyan 2. Duk wannan wahala kabarin mutum ɗaya ne. Wanda ya sunkuya ya bi siririyar hanya har ɗakin sarkin, akwatin dutse kaɗai zai tarar, ba kome a ciki.

In aka bi Kogin Nilu kudu zuwa Uksur, sai a iske Kwarin Sarakuna, inda aka fafe dutse aka yi kusheyi fiye da 60. Kusan dukkansu ɓarayi sun kwashe su tun zamanin Fir'aunonin. Wanda aka samu da yawancin kayansa shi ne na Tutankamun, sarkin da ya mutu yana saurayi. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Howard Carter ya gano shi cikin watan Nuwamba 1922, da kaya fiye da 5,000, har da fuskar zinariya. A 2021 kuma aka ɗauki gawar sarakuna 22, maza 18 mata 4, aka kai su sabon gidan tarihi a Fusɗaɗ, unguwar da masallacin Amru ɗan Asi yake.

Malamai sukan tambayi hukuncin irin wannan ziyara. Alƙur'ani ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. An ruwaito kuma cewa sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijiri, mazaunin Samudawa, a tafiyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga wurin sai da kuka da tsoron Allah. Ladabin ziyarar ke nan, watau a duba da idon lura, a ɗauki wa'azi.

To, amma ba sai an haye jirgin sama za a ga kusheyin sarakunan da ba. Tsakanin Daura da Katsina, a ƙasar Mani, kimanin mil 20 gabas da birnin Katsina, akwai tuddai aƙalla 8 da ake kira Durɓi ta Kusheyi. Labarin gargajiya ya danganta su da Durɓawa, sarakunan Katsina na farko. A 1907 Bature H. R. Palmer ya tona waɗansu tare da yardar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 masana daga Jamus suka sake tona uku. Kayan sun tsufa ƙwarai, saboda haka aka ɗebo su dunƙule-dunƙule tare da ƙasar da ke manne da su, aka ajiye a gidan tarihi na Jos. A 2007 hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya ta shirya da gidan binciken kayan tarihi na birnin Mainz a Jamus, aka kai su can domin a gyara su.

Mainz tsohon birni ne a bakin Kogin Rayin, Rumawa suka kafa shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A nan ne Gutenberg ya ƙago ɗab'in littattafai da baƙaƙen ƙarfe wajen 1450, sa'ad da ko'ina a Turai da alƙalami ake kwafar littafi. A Yaƙin Hitila bom ya rushe galibin tsakiyar birnin, a 1945, mutanensa suka sake gini, suka tattala abin da ya saura. A can gwanaye suka bi dunƙulen ƙasar Durɓi sannu a hankali har kayan suka bayyana. A 2011 aka baje su a Mainz, Turawa suka riƙa zuwa kallon abin da aka tono a gefen hanyar Daura. Daga baya aka komo da su Nijeriya.

Kowane tudu mutum ɗaya aka binne a tsakiyarsa. An samu 'yan kunne na zinariya, da mundayen hauren giwa da na tagulla, da duwatsun wuya, da wuri, da ɓurɓushin tufafi da fata. Awon masana ya nuna ɗaya daga kusheyin na farkon ƙarni na 14 ne na Miladiyya, watau farkon ƙarni na 8 na Hijira, wani kuma na ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16. Cikin kayan akwai kwanon tagulla mai zane, irin aikin maƙeran Masar da Sham a zamanin daular Mamluk.

Wannan kwano shaida ce ga fatake cewa kayan gabas suna ƙetare hamada su iso ƙasar Hausa tun kafin Turawa su san hanyarta. Shaida ce ga malamai kuma, domin a wajen wannan zamani ne Shehu Jalaluddini Suyuɗi, malamin Alƙahira wanda ya rasu a 911 ta Hijira, ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim da wasiƙar nasiha. Binne mamaci da kayan ado kuwa ba ɗabi'ar Musulunci ba ce. Saboda haka kusheyin suna nuna lokacin da addini yake shigowa, al'adar da kuma ba ta gama gushewa daga gidajen sarauta ba. Har wa yau girgam na Daura ya ce kakannin Daurawa daga Kan'ana suka taso, suka biyo ta wajen Tarabulus kafin su sauka a Tsohon Birni. Hanyar arewa tsohuwa ce a bakin mutanen Daura.

Abin lura shi ne, an san shekarun kayan Durɓi ne domin an san tudun da kowanne ya fito, da abin da ke kusa da shi. Da wani ya tone su da dare ya sayar, ko ya kai wa maƙeri ya narkar, da zinariyar ta zama 'yan kuɗin da za su ƙare kafin kasuwa ta zagayo, labarin kuma ya ɓace, kamar yadda na yawancin kusheyin Uksur ya ɓace. Dokar Nijeriya ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba tare da izni ba.

Daura tana da rijiyar Kusugu, da fadar Daurama, da kufan Tsohon Birni. Manomin da garmarsa ta tono tsohuwar tukunya ko munduwa, ya bar ta inda take, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, maganar ta kai ga hakimi. Falke kada ya sayi irin wannan kaya. Malamai kuma su faɗakar da almajirai da masu zuwa ɗaukar karatu. Wanda Allah ya nufa da zuwa Giza, in ya komo, ya kamata ya ratse ta Mani ya ga tuddan Durɓi. Allah ya sa a cika da imani, amin. Wasalam.