"Me Ya Kai Ta?"

A Adidogomé, kan hanyar Kpalimé a yammacin Lomé, idan aka mari mai tallar koko, kafin ta share hawaye unguwa ta taru. Idan kuwa mai zaman kanta ce wani ya lakaɗa wa duka ya hana ta kuɗinta, sai kowa ya taɓe baki: "Me ya kai ta?"

Dokar Togo ba ta yi wannan tambaya ba. Kundin hukunta laifuka na 2015 ya haramta kawalci da farautar maza a kan titi, amma duka da fyaɗe laifi ne ko wa aka yi wa. Sai dai macen da ta san za a iya juya maganar a kanta ba za ta doshi ofishin 'yan sanda ba, kuma mugu ya san da haka.

Gary Ridgway ya sani. A 2003 ya amsa laifin kashe mata 48 a yankin Seattle na Amurka, ya kuma bayyana cewa ya zaɓi masu zaman kansu ne don ba a saurin cigiyarsu. Juyayin waɗannan mata ya haifar da ranar 17 ga Disamba, wadda ake ware ta kowace shekara don yaƙi da cin zarafin masu wannan sana'a.

Ba sai an je Amurka ba. A Nuwamban 2000, masu zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai sun huce haushinsu a Maraɗi, inda aka ƙona mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Matan ba su shirya bikin ba, su ne dai bangon da ya fi sauƙin ƙetarewa.

Kalmar "karuwa" ma ba ta tsayawa kan masu sana'ar. 'Yar fim Dorothy Njemanze da wasu mata sun kai Najeriya ƙara bayan jami'ai a Abuja sun kama su da dare, sun ci mutuncinsu, suna kiransu karuwai. A Oktoban 2017 kotun ECOWAS ta ce an tauye musu haƙƙi, ta ba uku daga cikinsu diyyar naira miliyan 6 kowacce. Togo na ƙarƙashin hurumin wannan kotu.

Likitoci kuma lissafinsu daban. Macen da ke tsoron duka ba ta iya tilasta kwaroron roba. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2014 ya ƙiyasta cewa kawar da fyaɗe kaɗai zai rage sabbin kamuwa da ƙanjamau da kashi 17 cikin 100 tsakanin waɗannan mata da masu zuwa wurinsu a Kenya cikin shekara 10. A Lomé ƙungiyar FAMME na bin masu zaman kansu da gwaji da wayar da kai, alhali wasu daga cikin mazan da ke zuwa gare su gidajen aure suke komawa kwana.